Yunwa Ɗan Fardon

Samir bai cika wata biyu a lekol, makarantar boko, ba ranar da malamin aji ya ce ya tashi ya karanta. Yaro ne ɗan shekara goma, bakinsa bakin Zongo, ba ya raba p da f. Ya zo kan kalmar pain, burodi ke nan da Faransanci, sai ya ce faim, wato yunwa. Aji ya kece da dariya. Tun daga ranar sunansa ya koma Yunwa.

In an fita hutun safe sai su riƙa jefo masa ɓarɓashin burodi. "Ungo, Yunwa, kada ka mutu mana a aji."

Ya daina cin komai a gaban mutane. Ƙosan da mamarsa ke ƙulle masa, haka yake dawowa da shi a jaka, ya yi sanyi. Kullum da safe sai ya yi kukan ciwon ciki. Sannu a hankali magana ma ta ɗauke. Aka karɓo rubutu wurin malam, ya sha, shiru.

A bakin 'yar maƙwabta babansa Ilyas, ɗan zemijan mai ɗaukar fasinja a babur, ya ji labarin.

"Au, wannan ne ya hana ka ci?" ya ce wa Samir. "Hau babur mu je lekol ɗin."

"Baba, don Allah kada ka je."

Kwana biyar ke nan ba a ji muryarsa ba sai yau. Amma Ilyas ya riga ya tayar da babur.

A ƙofar aji ya cire hularsa, ya rusuna da ladabi, ya ce, "Fardon, Misye." Pardon yake nufi, wato a gafarce ni.

Dariya ta taso daga bencin baya, ta ci ajin duka. Ilyas bai gane ba, shi ma ya yi murmushi. Samir ya zuba wa ƙafafunsa ido. Malamin ya buga tebur, ya yi alkawari zai tsawata.

"Ka gani?" in ji Ilyas a waje. "Magana ta ƙare."

Washegari Samir ya tarar an rubuta a bencinsa: Yunwa ɗan Fardon.

Yanzu ba ya kukan ciwon ciki. Yakan sa kakinsa da wuri, ya rataya jaka, ya fita. Bayan wata katanga da ba a gama ginawa ba yake zama, ya haɗa kai da gwiwa, sai ya ga 'yan lekol sun fara dawowa ya bi bayansu.

Ilyas kuwa duk wanda ya tambaya, sai ya ce, "Alhamdu lillahi, yaro ya warke."