Tukunyar Matar Balarabe

Ƙarfe bakwai da rabi na safe 'yan duba-gari suka juye abincin Petrona a cikin baƙar ledar shara. Tamal ɗari da ashirin, ƙullun masara da naman kaza da ta naɗe ɗaya bayan ɗaya a ganyen ayaba, suna ta tururi har ledar ta yi gumi. Ƙaramin cikinsu ya ƙi yarda su haɗa ido, ya dai miƙa mata takarda ya ce ba a sayar da abinci a titi ba lasisi. Petrona ba ta yi kuka ba. Karo na uku ke nan a bana.

Ba ledar ce ta ƙona mata rai ba. Matar Naji Balaraben Yaman ce, da ke tsaye a bayan gilashin shagon mijinta tana kallo, hannu a baki, awarwaron zinariya shida sun zame mata har gwiwar hannu. Wai ita tausayi take ji. Petrona ta ja tsaki, ta ce a ranta ai dole ki yi tausayi, tunda ba ki da aikin yi.

Shekara goma sha huɗu Petrona ta yi a Oakland ta ƙasar Amurka. Da ƙafa ta ratso hamada daga duwatsun Guatemala, kuma har yau babu takardar da ke ɗauke da sunanta sai ta kotu. Ita kuwa wannan yarinya Taƙiyya, matar Balaraben, 'yar Yaman ce, wata takwas kacal da zuwanta. Jirgi ne ya sauke ta, katin izinin zama ya biyo ta har gida ta gidan waya, sai ka ce katin gayyatar biki.

Haka abin yake a unguwar. Mutanen Yaman, kawu ne zai kawo ɗan ƙanwarsa ya tsayar da shi a bayan kanta, shekara biyar ka ga ya buɗe nasa shagon, shi ma ya kawo wani. Su Petrona kuwa mazansu na tsaye a bakin titi gaban masu sayar da katako, suna jiran mai mota da ke neman leburori ya ɗaga yatsu biyu su ruga. Mijinta Desiderio ma can yake tsayawa. Iyali uku a ɗaki biyu, labule ne iyakar kowa. Abin da aka samo kuma shagon Balarabe ake kaiwa: a nan ake sayen gari, a nan ake sayen wake, har kyandir ɗin da ake kunna wa waliyyai a coci. Gaskiya ne Naji mai shagon awa goma sha shida yake yi a tsaye kullum, kuma akwai tabon harsashin ɗan fashi a kafaɗarsa. Petrona ta san wannan sarai, amma ba ta taɓa bari ya dame ta ba.

Tana tattara komatsanta Naji ya fito. Ya iya Sifaniyancin kan kanta, irin wanda ba a koyar da shi a makaranta. Ya ce ya gyara bayan shago ya yi kicin, lasisi ya fito, matarsa na son abin yi, amma masu cinikinsa duk mutanen Petrona ne, kuma ba su san wani abinci ba sai nasu. Ita Petrona ta shigo ciki ta dinga girki, a raba riba. Ba rana, ba ruwan sama, ba mai juye mata abinci.

"Sharaɗi ɗaya ne, Doña Petrona," in ji shi. "Alade ba ya shiga kicin ɗina. Ko ƙanshinsa."

Ta ce ai kaza take sawa. Ba ƙarya ta yi ba, amma ba ta faɗi sauran ba.

* * *

Kicin ɗin, wallahi, ya yi kyau. Murhun gas mai kai shida, famfon ruwan zafi, ga lasisi a jikin bango cikin gilashi. Petrona ba ta yi boko ba, amma ta sa an karanta mata shi. Sunan Taƙiyya ne a jiki. Yarinyar da ba ta san yadda ake gasa ganyen ayaba ya yi laushi ba, ita ce mai kicin a idon hukuma. Kullum Petrona ta ɗaga kai sai ta gan shi.

Satin farko ta bi sharaɗi, ta kwaɓa ƙullu da man gyaɗa. Duk wanda ya tashi a garinsu kuwa ya san da kitsen alade ake kwaɓa ƙullun tamal, shi ke sa ya tashi ya narke a baki. Na man gyaɗa sai ya fito da nauyi. Ƙawarta Santiaga, wadda suka fito ƙauye ɗaya, ta gutsura sau ɗaya ta yamutsa fuska.

"Ke, wannan abinci ne ko bulo? Ki ba Desiderio ya kai wurin gini mana. Ko dai kin Musulunta ne ba mu sani ba?"

Aka kwashe da dariya a gaban kanta. Washegari rabin tukunya ya kwana.

Ranar Alhamis Petrona ta bi Santiaga wurin mahauci ta sayi kitse. Ta narka shi a gida, ta zuba a robar farin man girki na kanti, ta shigo da shi a jakarta. Ta gaya wa kanta don masu ciniki ta yi, in ba a saya ba ai Balarabe zai sallame ta. To, a yarda da wannan. Amma da tamal ya nuna, ƙanshi ya cika shago, Taƙiyya ta matso ta ce a ba ta ta ɗanɗana, me ya hana Petrona ta ce ya yi yaji, ko ta ce na masu oda ne? Babu. Da kanta ta zaɓo mai kyau, ta ware ganyen, ta miƙa.

"Ba komai a ciki ko, Inna?" in ji Taƙiyya. Inna take ce mata tun ranar farko.

"Kaza ce."

Yarinyar ta yi bisimilla ta ci, ta lumshe ido. Petrona ta tsaya tana kallon awarwaron nan suna kaɗawa yayin da take kai loma baki, sai ta ji wani daɗi mai ɗaci ya ratsa ta. Ga ta dai da katinta da zinariyarta da tsarkinta, amma abin da talaka ke ci shi take lashe yatsa a kai. Hassada ce zalla, kuma Petrona ta san sunanta.

Ciniki ya dawo har ya fi na titi. Ashe kuma Taƙiyya ciki ne da ita, komai ta ci sai ya dawo, ban da tamal ɗin Inna. Kullum sai ta ci biyu. Tana ci tana hira da guntun Turanci da hannu, don ba ta da wanda za ta yi wa. Ta ce shekara shida ta yi a Jibuti a ɗaki ɗaya tana jiran biza, mijinta sai a waya. Ta ce mahaifiyarta na can garin da jirage ke ruwan wuta, kuma ba za ta ga jikan nan ba. Ta ce tun da ta zo ba ta taɓa wuce kwanar titin nan ita kaɗai ba, har ta kan yi sha'awar yadda Inna ke shiga bas ta tafi inda ta ga dama. Petrona ta ce uhm, tana naɗe ganye. A ranta cewa take yi, ba ni katin ki ɗauki bas ɗin.

Amma abin ya fara cin ta. Ran da Taƙiyya ta kamo hannunta ta ɗora a kan cikin don ta ji motsi, sai da Petrona ta fita waje ta sha iska. Ta yi niyyar dainawa. Ta ce ranar Litinin. Litinin ta zo, robar ba ta ƙare ba, ta ce in ta ƙare.

* * *

Ranar Laraba aka kira ta kotun baƙi masu neman izinin zama. Ta saka zanenta na saƙi mai ja, ta zauna a benci tun safe har azahar, sannan aka gaya mata ta bakin tafinta cewa an ɗage shari'arta zuwa shekara uku masu zuwa. Ta fito ba ta ma san abin da take ji ba, ta hau bas ta nufi shago.

Abin da ya faru a bayanta ba shi da yawa. Taƙiyya ta so ta ba Inna mamaki, ta kwaɓa ƙullu da kanta da man gyaɗa, ya fito da nauyi. Santiaga ta zo saye, ta ɗanɗana, ta yi dariya, ta ce wa Naji ya gaya wa matarsa ta daina rowar kitsen alade, ta sa kamar yadda Petrona ke sawa, ai tare suke sayowa duk Alhamis a wurin mahauci. Santiaga ba ta nufi sharri ba. Ita a saninta naman ne Larabawa ba sa ci, kitse kuwa ai mai ne, wa ke kiran mai nama?

Petrona ta tarar an kashe murhu, an rufe tagar sayar da abinci da rana tsaka. Robar na kan tebur a buɗe. Naji na tsaye, ya harɗe hannu. Taƙiyya na zaune a kan buhun shinkafa, idonta ya yi ja, da gani ta yi amai har ta gaji.

Petrona ta fara cewa ai kitse ne kawai, ba nama ba. Maganar ba ta kai ƙarshe ba, don ita ba Santiaga ba ce, kuma dukkansu sun sani. Wanda bai san laifi ba ne ba ya canza roba.

"Na tambaye ki, Inna," in ji Taƙiyya a hankali. "Da hannunki kika ba ni. Wata biyu, ni da abin da ke cikina."

A nan ne abin da Petrona ta daɗe tana haɗiya ya taso. Ta ce shekara goma sha huɗu tana wanke wa ƙasar nan kwano, uwarta ta mutu, a waya ta kalli jana'izarta, yau ma an ce ta ƙara uku. Ta ce ita ce mai girkin, ita ce mai gumin, amma sunan wata ne a bango, wadda ta zo jiya jiyan nan a jirgi. Rabi da Sifaniyanci ta faɗa, rabi da yarensu na Mam da ba wanda ke ji a wurin. Naji ya fassara wa matarsa abin da ya gane.

Taƙiyya ta ɗago ta dube ta.

"To ni na hana ki takardar?"



Naji ya ce wa Petrona ba zai kira kowa ba, ba zai faɗa wa kowa ba, ta ɗauki jakarta ta tafi. Ya ƙara da cewa gaban shagonsa ma kada ta sake kafa tebur. Ya buɗe mata ƙofa da kansa, kamar yadda yake yi wa tsofaffi.

* * *

Ba ta gaya wa Desiderio ba. Da safe ta fito a lokacin da ta saba, don kada matan da ke bayan labule su tambaya. Ƙafa ce ta kai ta titin shagon, ta ɗaya gefen.

A bakin hanya, kusa da mazubin shara, an jere kayan kicin ɗin gaba ɗaya: ludaya, faranti, katakon yanka, da babbar tukunyar ƙarfe mai cin tamal ɗari uku, wadda Petrona ba ta taɓa mafarkin mallakar irinta ba. An kankare ta har tana ƙyalli, da alama an wanke an sake wankewa, amma zuciyar masu ita ta ƙi yarda ta tsarkaka. Motar shara na layi na biyu, ana jin ƙuginta.

Petrona ta tsaya ta daɗe. Ta duba hagu, ta duba dama. Sannan ta tsallaka da sauri, ta naɗe mayafinta ta yi gammo, ta ɗora tukunyar a ka. Ba nauyi ko kaɗan, sai warin sabulu.

Hanyar gida ta gaban masu katako ta bi, inda maza ke jere da jakunkunansu a baya. Desiderio ya hango ta, ya washe baki, ya daki kafaɗar na kusa da shi don ya ga matarsa.

"Kai, Petrona! Ina kika samo wannan?"

"Matar Balarabe ce ta ba ni."

"Ba na gaya miki mutanen kirki ne ba?" in ji shi. "Allah ya saka mata."

Wata mota ta rage gudu, direban ya ɗaga yatsu biyu, mazan suka ruga gaba ɗaya, Desiderio a cikinsu. Petrona ta gyara zaman tukunyar a kanta ta ci gaba da tafiya, tana duba kwanar da za ta iya kafa tebur.