Goma Sha Ɗaya Sun Mutu, Ɗaya Ya Girma

Da hantsi Yaya ta kira ni ina tsakiyar aiki, wai ta fasa zuwa asibiti. Shekara tara tana neman haihuwa, kuma ranar ce za a yi mata allurar da za ta sa ƙwan haihuwarta ya fito. Allurar nan da lokacinta, in ya wuce sai wani watan.

Na tuɓe safar hannu na kama hanya. Na tarar da ita a bakin gado, ta baje hotunan sikanin cikinta guda biyu, ido ya yi luhu-luhu.

"Duba nan, Auta. Kafin in sha maganin likitan nan ƙwai goma sha biyu ne. Jiya ɗaya tal. Ya kashe mini goma sha ɗaya, sannan in koma ya ƙarasa ni?"

Wallahi raina ya ɓaci. Shekara shida ina ɗakin bincike, ina yanka ma'ajiyar ƙwan shanu, ina ƙirga ƙwayoyin halittar da suka mutu. Amma a gidanmu sunana "mai wasa da kayan ciki", ba mai tambayata komai.

Na ce, "Haba Yaya! Kowane wata haka jikin mace yake yi. Jakunkunan ƙwai da yawa ke tasowa tare, kowace da 'yan ƙofofin da take karɓar sinadarin da ƙwaƙwalwa ke aikowa. Da sinadarin ya ragu, wadda ta fi ƙofofi ita ke ci gaba da samu. Sauran sai ƙwayoyinsu su mutu da kansu, jiki ya share. Tamkar cire shuka ne in ta yi cunkoso."

"To ni da can fa?"

"Da can duk suna tsayawa ƙanana, ba wadda ke wuce 'yar'uwarta. Shi ya sa aka ba ki maganin."

Ta ɗauki hoton jiya, ta kai shi kusa da taga. Ta daɗe tana kallon baƙar da'irar ƙwan da ke cikinsa, har na ji tausayinta ya kama ni, faɗan ya bi iska.

"Kina nufin wannan ne na farko da ya taɓa girma?"

"A iya sanina, shi ne."

Ta share fuska da bakin zane, ta fara lalubar takalmi a ƙarƙashin gado.

"Shi ne kika tsaya kina mini lacca? Tashi mu je, kar ƙwan nan ya gaji da jirana."