Likitan da Bai Taɓa Ceton Kowa Ba

Shekara ashirin da bakwai maigidana yana fitowa a talabijin, kuma ko mutum ɗaya bai taɓa tashi a hannunsa ba. Kullum a likita yake fitowa. Ba shi ne jarumi ba, sunansa can ƙasan jerin 'yan wasa yake, wani lokacin ma bayan na mai gadi. Aikinsa ya turo ƙofa cikin farar riga, ya cire tabarau, ya dubi ƙasa, ya ce sai haƙuri. Shi ke nan, a saka kiɗan kuka. Na taɓa zama in ƙirga, na kai gawa tamanin na gaji.

A unguwa Dakta Sai-Haƙuri ake ce masa. Da maƙwabcinmu ya kwanta asibiti, aikowa ya yi wai don Allah kada ya wahalar da kansa da zuwa dubiya, gaisuwa daga nesa ta wadatar. Shi dariya yake yi, amma ni da nake goge masa farar rigar na san abin yana cin sa. Ya sha roƙon darakta a bar majinyaci ɗaya ya warke. Darakta ya ce fuskarsa ba ta dace da labari mai daɗi ba. Ji min rashin ta-ido.

To da 'yarmu ta fari ta zo haihuwa, bayan shekara shida da aure shiru, sai ya kafe lallai shi zai fito mana da labari. Sau ɗaya dai a rayuwarsa. Tun a mota yake bita, yana gwada murmushi a madubi, sai da na ce ya dubi hanya kada mu ma a ba mu gado.

Muka zauna kan benci a baranda, ni da surukinmu da mahaifiyarsa. Shi kuwa maigidana, nas ta bar shi ya tsaya daga ciki, don tana kallon wasansu. Tun hantsi har rana ta karkata muna nan. Haihuwar ta zo da gardama, aka ce sai an yi aiki. Tsoro ya kama ni ƙwarai, ban ma san na cire takalmi na riƙe a hannu ba.

Sai ga shi ya turo ƙofa. Ashe kuka ya sha a ciki, hawaye sun ɓata gilashin, ba ya gani. Sai ya cire tabarau. Ya sunkuyar da kai yana laluben hankici.

Mahaifiyar surukinmu ta zube ƙasa. Surukin ya dafe bango yana salati. Wata mata a ƙarshen benci, da ba ma tare da ita, ta fashe da kuka. Ni kaina da na san shi ciki da bai, sai da na yarda an yi rashi.

Bitar da ya yi a mota duk ta gudu.

"Baban yara, yi magana mana," na ce.

Ya dube mu, ya dubi tabarau a hannunsa, sannan ya gane.

"Ku tsaya," ya ce. "A sake ɗauka."

Wallahi komawa ciki ya yi ya ja ƙofa. Ya sake fitowa, tabarau a karkace kan hanci.

"Mace ce. Suna lafiya su biyun. Uwar ma yunwa take ji."

Ban san lokacin da na jefe shi da takalmin ba. Mahaifiyar surukinmu tana dariya tana kuka, tana cewa Allah ya isa tsakaninta da shi. Daɗi ya cika ni har na rasa wanda zan runguma, na rungumi nas.

Ana cikin haka matar nan ta ƙarshen benci ta matso, tana share ido da gefen mayafi.

"Dakta, ƙanwata tana ɗaki na uku tun safe," ta ce. "Don Allah kai za ka shiga ka jiyo mini."

Ya gyara wuyan riga, ya tambaye ta sunan ƙanwar.