Jikokin Saude

A shekarar da fara ta cinye geron ƙasar Gwiwa, zamanin Turawa, aka ɗaure Halliru. Faɗa ne ya haɗa shi da wani a bakin rijiya, ya ɗaga sanda ya karya masa hannu, aka tasa ƙeyarsa zuwa gidan yari a Kazaure. Matarsa ta riga ta rasu wajen haihuwa, saboda haka 'ya'yansa biyu, Lailatu mai wayo da ƙaninta Daudu, suka koma hannun wansa Mamuda, tare da gonarsa ta bakin fadama.

Saude, kakar yaran ta wajen uwa, tana zaune a wani ƙauye kusa da Roni. Da bazara ta zo ganinsu, ta tarar da Daudu a bayan danga, ya rame, kansa duk ƙuraje. Lailatu kuwa ba ta gan ta ba.

"Mamuda, ina yarinyar nan?"

"Na ba da ita riƙo, Gwaggo. Wani falke ne a Babura, matarsa ba ta da mai taya ta aiki. Bakunan sun yi mini yawa."

"Gonar ubansu fa?"

"Ina nomawa. Ai ba a bar ta ta zama saura ba."

Washegari Saude ta ɗaura ɗamara ta kama hanyar Kazaure da ƙafa, ta bi ta cikin duwatsu har zauren alƙali. Ta durƙusa ta faɗi abin da ke tafe da ita.

Alƙali ya saurare ta har ta gama. Ya ce, "Baiwar Allah, yaran nan ba marayu ba ne. Ubansu yana raye, ɗauri bai raba shi da ikonsu ba. Sai in ya faɗa da bakinsa, a gaban shaidu, cewa ke ya wakilta."

"Allah ya gafarta Malam, surukina ne. Tun da ya auri 'yata ban taɓa haɗa ido da shi ba."

"To, yau za ki haɗa."

Aka haɗa ta da muhuti, wato mataimakin alƙali, da wani dattijo, suka tafi bayan gari inda fursunoni ke fasa dutse don gyaran hanya. Ganduroba ya kira Halliru. Ya taho yana jan mari a ƙafa, da ya ga wadda ke tsaye sai ya zube ƙasa, ya juya fuskarsa gefe. Ita ma ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Inna, ku ne a nan wurin? Me ya samu yaran?"

Ta gaya masa, ba ta rage komai ba. Sannan ya ce wa muhuti, "Ku shaida, na wakilta ta a kan 'ya'yana da gonata. Duk abin da ta ce, ni na ce." Da za su tafi ya ƙara da cewa, "Inna, kada ku gaya wa Daudu yadda kuka gan ni."

Alƙali ya aika aka kira Mamuda. Ya yanke cewa riƙon yara na kakarsu ne, gona kuma ta ubansu ce, amfaninta cinsu da suturarsu ne har ya fito. Mamuda ya amsa a gaban jama'a, ya koma gida ya daina gaishe ta.

Da ruwa ya sauka, aka ba ta dogari ya raka ta Babura. Suka sami gidan falken a rufe, ciyawa ta fara tsiro a ƙofa. Maƙwabta suka ce ya kwashe iyalinsa ya ƙetara iyaka zuwa ƙasar da Faransa ke mulki, yarinyar ma da ita aka tafi, tana ɗauke da tulu. Dogari ya ce ikonsa a iyaka ya tsaya, daga nan ba shi da ƙafa. Saude ta zauna a gindin wata tsamiya tana kallon arewa, har sai da ya ce mata rana ta yi.

Ta dawo ta tare a ƙauyen su Halliru, ita da Daudu. Ta noma abin da ƙarfinta ya iya, sauran ciyawa ta ci. Yaron ya warke, ya yi ƙiba. Duk ayarin da ya sauko daga arewa sai ta je ta tambayi labarin Lailatu, wasu su ce sun ga mai kama da ita, wasu su girgiza kai.

Halliru ya fito bayan damina ta zagayo. Ya iso da hantsi, yana ɗingishi, Daudu ya ɓuya a bayan kakarsa don bai gane shi ba. Ya sha ruwa, ya ji labari daga bayan zana. Kwana ɗaya ya yi a gidan. Da gari ya waye ya roƙi Saude ta ci gaba da riƙe yaron, ya ɗauki gora da sanda, ya kama hanyar Babura.