Ƙyalle Na Huɗu

"Ba ciwo ba ne, Mama. Lafiyata lau, shi ma lafiyarsa lau. Mu ne ba ma so."

Gajiya ce ta sa na faɗa. Shekara goma sha ɗaya da aurena da Audomaro, shekara goma sha ɗaya mahaifiyata Casilda tana ɗawainiyar kawo min jiƙe-jiƙen haihuwa. Ranar ma wani ta kawo har gidan burodin da nake aiki, kore shar a kwalbar lemo, wai wata tsohuwa ce a garin Tenabo ta haɗa, duk wadda ta sha sai tagwaye.

Ta ajiye kwalbar a kan teburin kwaɓi, ta juya ga mijina, wanda ya zo ɗaukar burodi a babur ɗinsa mai ƙafa uku.

"Kai ma da bakinka a ciki?"

"Mama, ni direba ne. Inda aka ce in tsaya, nan nake tsayawa."

"Rufe min baki, sarkin zance. Ke Landy, duk maganin da nake kawowa fa?"

"A gindin bishiyar lemo nake juyewa."

"Shi ya sa ta ƙi daina 'ya'ya," in ji Audomaro.

Ba wanda ya yi dariya. Mama ta kafe ni da ido, ta yi min tambayar da a garinmu Pomuch ma'ana ɗaya gare ta.

"To wa zai goge ki?"

Mu nan in mutum ya shekara uku a ƙasa sai a fito da ƙasusuwansa, a shimfiɗa farin ƙyalle mai surfani a akwatin katako, a jera shi a ciki. Duk ƙarshen Oktoba, kafin matattu su zo ziyarar gida, naka za su je su goge ka da buroshi, su canza maka ƙyalle. Wanda ba shi da kowa, ƙura ce da shi.

"Mama, ba zan haifi mutum don kawai ya riƙe min buroshi ba."

"Madalla. Tunda a kanki kika ga dama a tsaya, to ki ji da kyau. Ƙashina ba za ki taɓa shi ba. Nemesio mai gadin maƙabarta ya goge ni. In shi ma ya mutu, gizo-gizo ya yi gida a idona."

Ta ɗauki kwalbarta ta fita. Ni kaɗai ta haifa. A garin nan babu zagin da ya kai wannan, gara ta ce kada in ƙara taka gidanta.

Kwana shida ba ta amsa gaisuwata ba. Burodin da nake aika mata kullum, kajinta ta riƙa ba wa. A rana ta bakwai ta hau tsani tana yankan ganyen ayaba na naɗe pib, wainar masara da kaza da muke gasa wa matattu a rami, tsanin ya zame. Hannun dama ya karye a wuyan hannu. Saura kwana uku matattu su iso, kuma ba a goge kowa namu ba.

Washegari da hantsi sai ga Audomaro ya faka a ƙofar gidan burodi, da jakar ledar da Mama ta zuba sababbin ƙyallaye a hannu.

"An ce in kai wa Tsoho Nemesio. An kuma ce kada in kuskura in biyo ta nan."

"To me ya kawo ka?"

"Babur ne ya ƙi jin magana. Hau mu je, gimbiya. Nata ƙashin ta hana ki, ba na babanki ba."

Na cire rigar aiki, ko garin da ke hannuna ban wanke ba.

Maƙabarta ta cika maƙil. 'Yan ɗakunan siminti shuɗi da rawaya a jere bisa juna, kowane da akwati a buɗe. Wata tana yi wa mijinta faɗan da ta fara tun yana raye, wani ya kunna wa uwarsa rediyo. Na sauko da akwatin Baba.

"Baba, ni ce. Matarka ta faɗo daga tsani, kada ka ce na gaya maka."

Na yi yadda nake ganin Mama tana yi tun ina ƙarama. Ƙafafu tukuna, sai hannuwa, sai haƙarƙari, ƙoƙon kai daga ƙarshe, a ɗora shi a sama yana kallon haske. Na gama da Baba, na yi wa kakana, na yi wa kakata. Na sa hannu a jaka zan ninke ta, sai na ji saura ƙyalle ɗaya a ciki.

Namu uku ne. Tun da aka fito da Baba uku ne.

Na warware shi. Ya fi sauran kyau nesa ba kusa ba, an zagaye shi da jajayen furanni da 'yan tsuntsaye, aikin da ba ya kammaluwa a ƙasa da wata biyu. A tsakiya an ɗinka suna da shuɗin zare: Eulogia Yam.

"Ka san wannan?" na tambayi Audomaro.

"In tsohuwar budurwar babanki ce, ni ba na nan."

Na tarar da Tsoho Nemesio a gindin bango yana fenti. Ya dubi ƙyallen, ya dube ni, ya goge hannu a wando.

"Ita ta aiko ki, 'yata?"

"Wurinka ta aiko. Ni ƙwace na yi."

"To ni ban gan ki ba. Biyo ni."

Ya kai ni can ƙarshen layi, inda ba kowa ke zuwa ba, wurin waɗanda danginsu suka ƙare. Akwatunan duk sun yi baƙi, sai ɗaya da ke ƙyalli kamar jiya aka shafa masa mai.

"Duk shekara uwarki tana zuwa ita kaɗai, kwana ɗaya kafin ta zo da ke. Bana shekara ashirin da biyu."

"Wace ce ita?"

"Mai tallar burodi a tashar jirgin ƙasa, lokacin da jirgi ke tsayawa. Maza uku suka nemi aurenta, ni ne na biyu. Ta ce da mu ita ba za ta haihu ba, kada ta cuci ɗan wani. Garin nan babu sunan da bai kira ta da shi ba. Ita ko a jikinta, tana tallarta tana waƙa."

Na durƙusa na fara fito da ita. Ƙasusuwanta ƙanana ne, marasa nauyi. Kitsonta guda ɗaya fari fat yana nan a naɗe. A ƙarƙashinsa na taɓa wani abu mai laushi, na ɗago shi: takalmin jariri na saƙa, rawaya, ƙafar hagu.

Na san ɗan'uwansa. Yana cikin gwangwanin zaren Mama, tun ina yarinya nake wasa da shi, ana ce min ɗayan ya ɓata a kasuwa.

"Tsoho, wannan fa?"

"Iyakar nawa ke nan. Sauran na uwarki ne."

Na goge Eulogia Yam a hankali fiye da yadda na goge kowa. Na shimfiɗa mata sabon ƙyalle, na mayar da kitsonta da takalmin, na ce wa Audomaro ya ja babur kamar an biyo mu.

Mama tana kwance a ragar lilo a tsakar gida, hannu a ɗaure a wuya. Ta gan ni ta juya wa bango fuska. Na shiga ɗaki, na buɗe gwangwanin zare, na fito da takalmin ƙafar dama na ɗora mata a ciki.

Ta daɗe tana kallonsa.

"Kai, sarkin zance," ta ɗaga murya, "na ce ka biya ta gidan burodi?"

"Ba ki ce ba, Mama," in ji shi daga ƙofa.

"Je ka ba kaji ruwa."

Sai da ya tafi ta fara, ba ta kalle ni ba.

"Shekarata sha tara na haife ki. Ubanki yana can aikin hanya, sai bayan wata biyu ake ganinsa. Kwana arba'in kina kuka. Kowa yana cewa uwa da ta ga ɗanta sai zuciyarta ta narke. Ni in na dube ki, tsoro kawai nake ji. Na rasa wanda zan gaya wa. Wata safiya na goya ki na tafi tasha. Na ce da Eulogia ta riƙe min ke in sha ruwa." Ta jujjuya takalmin a hannu. "Na shiga jirgin birnin Mérida."

Kaji suna ta kuka a bayan gida. Na zauna a ƙasa kusa da ita.

"Wata goma sha ɗaya ina wanki a gidan wasu mutane. Ranar da na dawo, na zaci da duwatsu za a tare ni. Ashe ta gaya wa gari duka, har da iyayena, cewa jinya aka kai ni, kuma ni na ce ita za ta riƙe ki. Ubanki kaɗai ta gaya wa gaskiya, shi ma ta sa ya rantse. Na same ta a tasha da farantin burodi a ka, kina riƙe da gefen siket ɗinta. Ta ce, 'Ga 'yarki nan. Ta fara tafiya, ba ta son gwaiduwar ƙwai.' Shi ke nan. Takalmi ɗaya ta cire ta riƙe. Har ta mutu ba ta sake tayar da maganar ba, ba ta kuma taɓa bari kin kira ta da wani suna ba sai mai burodi."

Sai na tuna ta. Wata tsohuwa mai farin kitso da kan tura min burodi mai zafi a aljihu in na wuce makaranta. Har yau kuwa ba na cin gwaiduwa.

"Matar da ta ce ba ta son ɗa," Mama ta ce, "ita ta fi ni iya riƙe shi. To in na mutu wa take da shi? Ke kuma wa kike da shi? Kin zaci jika nake nema in yi wasa? Na ga yadda akwatunan layin can suke, Landy."

"Tana da ni. Yau ma ni na goge ta, baɗi ma ni ce."

"Ke fa?"

"Ban sani ba, Mama. Ita ma ranar da ta karɓe ni ba ta sani ba."

Na kama hannunta mai lafiya.

"Na gode da kika dawo."

"Ba ki ji abin da na ce ba? Tafiya na yi na bar ki."

"Na ji. Jirgin yana da hanyar gaba ma, kika hau na dawowa. Shekara talatin da bakwai kina nan. Ba zan iya biyan ki da jika ba, don abin da kika ji a kwana arba'in ɗin nan ni tun ban haifa ba nake jin sa. Amma duk abin da hannuna zai iya, naki ne."

Ta fizge hannun ta share ido da shi.

"Tashe ni. Kira direban nan. Ban yarda da aikinki ba sai na gani."

Rana ta take muka koma maƙabarta, Mama a kujerar bayan babur kamar sarauniya, tana yi wa Audomaro faɗa a kan kowane rami. Ta tsaya gaban Baba ta riƙe baki.

"Kin karkata ubanki yana kallon akwatin Crescencio? Mutumin da suka shekara talatin ba sa gaisawa saboda alade? So kike su tashi maƙabarta da faɗa?"

Na gyara shi da sauri. Audomaro ya juya baya kafaɗunsa suna rawa don dariya.

A ƙarshen layi ba ta yi faɗa ba. Ta duba kusurwoyin ƙyallen ɗaya bayan ɗaya, ta shafa kitson da yatsa. Sannan ta zaro takalmin ƙafar dama daga cikin ɗaurin hannunta, ta ajiye shi kusa da ɗan'uwansa.

"Eulogia, ga ta nan na kawo miki. Taurin kanki ta ɗauko, ba nawa ba."

Na sunkuya ni ma. "Na gode, mai burodi."

Muna fita Tsoho Nemesio ya ɗaga mana buroshin fenti. Mama ta tsaya.

"Nemesio, maganar da na yi maka ranar nan, ka bar ta. Hannunka ya yi nauyi, kana goge mutum kamar kana wanke tukunya." Ta juyo gare ni. "Ke kuma ki saurara. Buroshi mai laushi nake so. Kada ki sa min ƙyalle mai ruwan hoda, ban taɓa sonsa ba. Kuma surfaninki abin kunya ne, tsuntsunki kamar ɗan tsako da ya faɗa miya. Gobe ki zo da allura, tunda hannuna ya mutu sai in koya miki da baki."

"To, Mama."

"Ki taho da burodi. Kajin nan sun yi ƙiba da yawa."

A hanya na raɗa mata, "Kin san zai kawo min jakar, ko?"

Ta dubi ƙeyar Audomaro ta taɓe baki.

"Shekara goma sha ɗaya ina zaune da shi. Yaushe ya taɓa zuwa inda aka aike shi?"