Pinyo Mai Haƙori Talatin da Biyu

"Cire mini wannan, ka sa mini mai talatin da biyu," in ji Oumarou. Ya jingine kekensa a jikin teburina, bai dube ni ba.

Shekara goma sha tara ina gyaran kekuna a unguwar Kalley, kuma duk shekarun nan katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Ni na ɗaura masa pinyon da ke ƙafar baya, faya-fayan haƙoran nan da sarƙa ke hawa. Babbansu mai haƙori ashirin da biyar ne. In haƙora sun ƙaru, hawan tudu ya yi sauƙi, gudu ya ragu. Shi da bakinsa yake kiran mai talatin da biyu pinyon tsofaffi.

Saura kwana goma gasarsu, wadda ake iyo a kogi, a hau keke, a ƙare da gudu. A Goudel, bakin kogi, aka haife shi cikin masunta, ruwa ba ya ba shi tsoro. Wahalar tana tudun ƙetaren gada, hanyar Torodi, da ake hawa sau uku.

'Yan fadarmu huɗu na zaune a gefe suna shan shayi. Ni Bagobiri ne, shi Bazabarme, abokan wasa tun kakanni. Ban taɓa barin dama ta wuce ni ba.

"Jama'a ku zo ku ji, bawana ya tsufa," na ce. "In ɗaura maka kwando a gaba ma, ka riƙa sayo wa Salamatu tumatir?"

Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi.

"Kai da ko jaki ba ka iya hawa," ya ce. Sannan ya rage murya. "Isa, numfashina ne kwanan nan yake..."

"Dambu ne ya yi maka yawa."

Aka sake dariya. Ya tsaya yana murza birki da yatsa.

"Bar shi yadda yake. Shafa wa sarƙar mai kawai."

Na shafa. Mai talatin da biyun yana cikin akwatina, aikin minti goma sha biyar ne.

Ranar Lahadi da safe ya fita gwaji. Wani mai taksi ne ya tsince shi a tsakiyar tudun, zaune a bakin kwalta, ya dafe ƙirji. Kwana biyu ya yi a gidan likita, suka ce a koma da shi gida.

Da na shiga duba shi, matarsa Salamatu ta tare ni a tsakar gida, tana riƙe da kwanon kunun da bai sha ba.

"Wata uku ke nan lokotoro ya ce zuciyarsa ta kumbura, ya bar keke," ta ce. "Ya roƙe ni, ya ce wannan gasar ce ta ƙarshe, a hankali zai hau. Ya ce za ka sa masa abin da ke sauƙaƙa tudu. Don haka na bar shi ya fita. Malam Isa, ka sa masa ko?"



"Ya sa," muryar Oumarou ta fito daga ƙarƙashin rumfa. "Bar shi ya ƙaraso."

Yana kwance a tabarma, ƙafafunsa sun kumbura, an tokare masa baya da matashi biyu. Na tsuguna.

"Bagobiri, ka zo gaida ubangidanka?"

"Me ya hana ka gaya mini?"

"A gaban 'yan fada?" Ya ja numfashi, ya daɗe kafin ya sake shi. "Gasar nan ɗaya na so in gama. Ko da a ce ni ne na ƙarshe."

"Gobe zan canza maka."

"Canza wa jakinka."

Na so in rama, don na san abin da yake jira ke nan. Ya lumshe ido, ni kuma na yi ta kore masa ƙuda har aka kira azahar.

Ranar Alhamis kafin la'asar ya cika. Ina cikin waɗanda suka saka shi a kabari.

Bayan sadakar uku Salamatu ta aiko a kira ni. Keken yana zaure, inda mai taksin ya ajiye shi, ba wanda ya taɓa.

"Ɗauke shi, Malam Isa. Ba na iya wucewa ta gabansa. Kai dai ka yi masa iya ƙoƙarinka, Allah ya saka."

Na durƙusa. Sarƙar tana kan faifan ƙarshe, mai ashirin da biyar ɗin, man da na shafa ya kama jan ƙasa. Na ɗaga ƙafar baya, na juya feda, na danna hannun canji. Sarƙar ba ta motsa ba, babu inda za ta hau. Na sake dannawa.

Salamatu tana tsaye ta riƙe mini labulen ƙofa. Na tura keken na fita, ƙafar baya tana ƙas-ƙas har bakin titi.