Safar da Ba Ta San Shinkafa Ba

Tanjila ta sake danna maɓallin, iska ta bi siraran bututun da ke saƙe cikin safar hannun da ta sa masa, yatsun Baba Mokbul suka lanƙwashe suka damƙi cokali. Lambobi suka hau gudu a allon kwamfuta. Tsohon ya ƙura wa cokalin ido kamar an ɗora masa kunama.

"Loma ɗaya, Baba. Don Allah."

"Ni da cokali? Kwanciyar asibiti ta mai da ni Bature ne?"

Ta leƙa baranda, ta dawo, ta gyara mayafi, ta sake leƙawa. Kwamitin da zai yanke ko aikinta ya ci gaba ko a rufe shi yana ɗakin kusa, tana jiyo shugabanta na wurin aiki Dakta Kamrul yana ta zuba musu. Tun da ta gama jami'a a Dhaka ba ta da zance sai safar nan mai motsa shanyayyen hannu, kuma duk cikin majinyatan, hannun tsohon alƙalin nan kaɗai ya amsa. Ga shi yau ya kafe.

"Tun da ciwon nan ya kayar da ni matata ke ba ni a baki," in ji shi. "Cokali ya san ƙayar kifi? 'Yar nan, bar ni in taɓa abincina."

Na'urorin auna riƙo a bakin yatsun safar suke, wata da watanni tana ɗinka su. In babu su iska za ta yi aiki, amma allon ba zai nuna komai ba. Haushi ya cika ta, tausayi ya fi shi.

Da ta ji takun mutane, ta fizgi almakashin nas, ta datse bakin yatsun ɗaya bayan ɗaya. Allon ya yi wayam.

'Yan kwamitin suka shigo suka tarar da Baba Mokbul ya tsoma yatsu cikin shinkafa da miya yana cuɗawa. Ya lalubo ƙaya ya ture gefe, ya kai loma baki. Miya ta ɓata safar har wuyan hannu.

"Ina sakamakon?" shugabar kwamitin ta tambaya, idonta a kan allon.

Dakta Kamrul ya harari Tanjila. Shugabar ta duba agogo ta wuce ɗaki na gaba, ko farantin ba ta kalla ba.

"'Yar nan," Baba Mokbul ya ce da cikakken baki, "akwai ƙari?"

Tanjila ta ɗauki farantin.